Lita Biyar, Inji Littafi

Katanga ɗaya ce tsakanina da shi shekara goma sha tara, kuma katangar ba ta kai kafaɗata ba. In na ce na san mutumin nan, to na san shi har kalar singiletinsa. Ni injin niƙa gare ni a ƙofar gida, shi ya sa kowa ke ce mini Mai Inji. Karatuna bai yi nisa ba, daga aji huɗu na gudu, amma bakina ya gama jami'a.

Shi kuwa maƙwabcin nawa aikin karanta mitar ruwa ya yi shekara talatin. Gida-gida yake bi, ya durƙusa, ya goge gilashin mita da babban yatsa, ya kwafe lamba. Bai taɓa ƙara wa kowa ɗigo ba, bai taɓa rage wa kowa ba. Aikin ya bar masa ciwo guda: duk abin da aka buga da lamba a takarda, a wurinsa magana ta ƙare. In kwalin shayi ya ce a bar shi minti uku a ruwan zafi, sai ya cire agogo ya ajiye kusa da kofi.

Da ya yi ritaya ya sayi mota ta hannu, fara, mai shan dizal. Ta zo da littafinta, kuma a shafi na tamanin da biyu an rubuta cewa lita biyar take sha a kilomita ɗari. Ranar har ƙofar injina ya kawo littafin.

"Mai Inji, karanta nan."

"Yallaɓai, ai ka san ni da boko gaisuwa ce kawai."

"To lita biyar. Masu ƙera ta ne suka rubuta."

"Su masu ƙera tan sun taɓa hawa titinmu? Sun taɓa tsayawa a cunkoson bakin kasuwa, buhu uku a baya da suruka a gaba?"

"Sun auna."

"A ɗaki suka auna, Yallaɓai. Ni ma in ba hatsi a bakin injina, wuni zai yi yana juyi da kofi ɗaya na dizal."

Tun daga ranar na sa masa Lita Biyar, sunan kuma ya bi shi. Har masu gadin banki haka suke gaishe shi.

Allurar da ke nuna mai a motar matacciya ce tun zuwanta, kullum tana kwance a ƙasa. Bakanike ya ce a gyara, shi kuwa ya ce ba buƙata. In ya sha lita ashirin, sai ya liƙa farin tef a gefen sitiyari ya rubuta lambar kilomitan da motar ke kai, ya ƙara ɗari huɗu, ya ce nan ne zai sake shan mai.

Wata biyu da sayen motar ta mutu masa a tsakiyar shataletale, da sauran kilomita ɗari da ashirin a lissafinsa. Bai zargi littafi ba. Kansa ya zarga. Ya ce shi ne tsufa ya kama, shi ne ya fara kuskuren lamba. Kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Ina leƙe ta katanga ina ganinsa a kan tabarma yana lissafi yana gogewa.

A rana ta uku matarsa ta kira ni. Tela ce, ni Yaya nake ce mata. Mace ce mai magana ƙasa-ƙasa, amma in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka gyara tsayuwa.

"Mai Inji, dizal ɗin injinka da na motar nan ɗaya ne?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya."

Ta miƙo mini makullin tanki. "Duk ranar da ya kwanta baccin rana, lita uku a mako. Ni zan saya. Kuma in wannan dogon bakin naka ya furta, ni da kai ne."

Shekara huɗu muna haka. Yana munshari a ɗaki, ni ina tsugune a gindin motarsa da galan da mazurari, ita tana taka keken ɗinki da ƙarfi don kada ya ji ƙarar murfi. Motar ba ta ƙara mutuwa ba. Shi kuma ya samu abin faɗa. Duk wanda ya yi kukan motarsa na shan mai, sai ya ce masa, "Ƙafarka ce da nauyi. Tawa lita biyar, ko ɗigo ba ta ƙarawa." Ni kuwa sai in ce, "Wallahi Yallaɓai motar nan taka tana da masu taimako," ya yi dariya, ya ɗauka yabo ne.

Sai Yaya ta kwanta ciwon ciki. Mako uku ana zuwa ƙaramin asibitin unguwa ana dawowa. Keken ɗinki ya yi shiru, makullin tanki yana wurin mijin, ni kuma hankalina bai ko je kan mai ba.

Wata Talata da hantsi Auta, 'yarsu, ta faɗo ƙofar injina ko takalmi babu. "Kawu, zo! Sun ce hanji ne ya toshe, a kai ta babban asibiti yanzu. Likitan tiyata yana jira, ya ce kada a wuce awa biyu."

Na kashe inji na bar garin mutane a ciki. Muka kwantar da Yaya a kujerar baya, kanta a cinyar Auta, ledar ƙarin ruwa a rataye jikin ƙofa. Leɓenta ya bushe, gumi na tsattsafo mata. Na shiga gaba. Babban asibiti kilomita saba'in ne, kuma in ka wuce gidan man da ke bakin gari, babu wani sai ka isa.

Muna dosar gidan man idona ya faɗa kan farin tef ɗin. Na dubi lambar kilomitan motar. Ko ni ɗan aji huɗu na iya wannan: ta yi ɗari biyu da arba'in tun shan mai na ƙarshe. Mako uku ba wanda ya ƙara mata komai.

"Yallaɓai, mu sha mai."

"Ka ga layi? Mota goma. Minti ashirin ke nan."

"Ko lita biyar ce, albarkacin sunanka."

"Da sauran ɗari da sittin. Saba'in za mu yi." Ya taka ya wuce.

Na waiga. Yaya idonta a rufe. Na yi mata alkawari, kuma ban taɓa saɓa mata ba. Na ce a raina ko akwai ɗan ragowar da muka bari a tankin. Na yi shiru kilomita goma, ina jin kowane juyin taya a ƙirjina. Gidaje suka ƙare, sai gonaki da turakun lantarki. Ya kunna na'urar sanyi saboda marar lafiya, na kai hannu na kashe.

"Kai lafiya?"

"Yallaɓai, ka rage gudu ka saurare ni. Motarka ba lita biyar take sha ba. Bakwai da rabi take sha, in da sanyi takwas. Man da ke ciki ba zai kai mu ba."

"Mai Inji, yau ba ranar wasa ba ce."

"Ba wasa nake ba. Shekara huɗu ina zuba maka lita uku duk mako."

"Matata na kwance a baya kana tsokanata?" "Shekara goma sha tara ina haƙuri da bakinka. In ka ƙara, zan sauke ka a nan."

Abin da ya same ni ke nan. Na yi ta zolayar mutum har ranar da na zo da gaskiya ba ta da wurin zama. Na rantse, ya ƙara taka mota. Na ce Auta ta sa baki, ta ce, "Kawu don Allah ka bari," tana kuka.

Sai muka ji muryar Yaya, siririya kamar zare.

"Malam."

"Na'am," inji mijin. "Sannu, mun kusa."

"Gaskiya ya faɗa. Ni nake saya."

Bai waiga ba. Na ga yatsunsa sun damƙe sitiyari, ya dubi tef ɗin, ya dubi hanya, ya sake duban tef ɗin. Mun yi kilomita ashirin da biyu daga gidan mai. Komawa da bin layi zai cinye awa guda. Gaba kuwa arba'in da takwas.

"Nawa ya rage?" ya tambaye ni, a karo na farko a rayuwarsa.

"Ban sani ba. Ba littafin da ya sani. Ka sa giya ta sama, ka ɗaga ƙafa, kada ka wuce sittin. Kuma ka ji da kyau: da zarar ta yi tari, ka kashe ta. In dizal ya ƙare ƙaf ta shaƙi iska, ko an cika tanki ba za ta tashi ba sai an kwance an fitar da iskar, ni kuma ko sifana ban ɗauko ba."

Na sauke gilashi na fitar da kai. Auta ta ce me nake nema, na ce ta yi shiru. Ba gidan mai a hanyar, amma duk inda mutane suke akwai mai niƙa, kuma ƙarar injin dizal ko cikin barci na san ta. Muka wuce wata 'yar unguwa, shiru. Muka wuce wata, injin fetur ne ke kuka, ba namu ba. Yaya ta fara nishi, ledar ruwan ta kusa ƙarewa.

A kan wata gangara motar ta yi tari.

"Kashe!"

Ya murɗa makulli baya kaɗan. Sitiyari ya yi nauyi, ya riƙe da hannu biyu, muka gangara ba ƙara, sai kukan taya. Cikin wannan shirun na ji shi, can ƙasa ta hagu: tuf, tuf, tuf. Motar ta tsaya kusa da wata kwalbati. Na ɓalle ƙofa na ruga, ni da rabona da gudu tun ina saurayi.

Wata dattijuwa ce a rumfar kwano, gari ya rufe ta har gira. Na ce, "Inna, ɗan'uwanki ne a sana'a, marar lafiya gare mu a mota, dizal nake so." Ta dubi hannuna, ta ga baƙin mai a farcena. Ba ta tambayi komai ba. Ta kashe injinta, ta jawo galan, ta ce, "Biyar ce a ciki. Ɗauki, yi sauri."

Na dawo ina haki, sai ga wata matsalar: ba mazurari, bakin galan kuma faffaɗa ne. Na gwada, ya zube a jikin mota. Kowane ɗigo kilomita ne. Ina waige-waigen gora, sai na ji kyat. Lita Biyar ne ya ɗauko littafin ya yage bangonsa mai sheƙi. Ya naɗe shi ya cusa a bakin tanki, ya riƙe da hannu biyu.

"Zuba."

Na zuba, man na bin yatsunsa. Ya shiga ya murɗa. Ta yi gurnani ta mutu. Ya sake, ta mutu. Auta ta rufe baki da hannu. Na ce, "Bari tukuna, ƙirga goma." Ya ƙirga a fili, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanta mita. Ya murɗa. Ta yi kakari, ta girgiza, ta tashi.

"Saura talatin da takwas," inji shi. "Biyar za ta kai?"

"A lissafin littafi ko a nawa?"

"A naka."

"Za ta kai, har da canji."

Mun shiga ƙofar asibiti da sauran minti goma sha biyu a awa biyun da likita ya bayar. Shi ya duba agogo, ba ni ba. Aka tura Yaya ciki a kan gado mai taya, muka zauna a benci muna warin dizal, mutane na matsawa daga kusa da mu. Awa uku muna jira. Da likita ya fito ya ce an yi nasara, kuma da an ƙara jinkiri da labarin ya canza, sai ya sunkuyar da kai ya daɗe.

Can ya ce, "Ranar da ta mutu mini a shataletale, ashe ba ni na yi kuskure ba?"

"Lissafinka daidai ne, Yallaɓai. Lambar da suka ba ka ce ta ɗaki."

"Kuma kuka bar ni ina cika wa mutane baki shekara huɗu."

"Wannan kam ni na fi kowa jin daɗinsa."

Ya ɗaga hannu kamar zai make ni, sai ya dafa gwiwata ya bar hannun a nan.

Yaya ta dawo gida bayan kwana tara. Kafin ta dawo ya kai motar an gyara allurar. Da ta samu ƙarfin magana ta aika aka kira ni, ta kalle ni ta saman tabarau.

"Kilomita goma ka yi shiru, Auta ta faɗa mini. Bakin da ba ya rufuwa, sai ranar da ake nemansa?"

"Alkawari na riƙe, Yaya."

"Alkawarin banza. Zo ka ɗauki galan ɗinka a bayan keke."

Sunan Lita Biyar dai bai saki maƙwabcin nawa ba. Jiya ma wani ya tambaye shi nawa motar ke sha, ina jinsa ta katanga. Ya ce, "Biyar a littafi." Sannan ya ɗaga murya: "Na titi kuwa, tambayi wancan mai dogon bakin."