Yadda Muka Gyara Wasan Bulus

Wata Asabar a kakar auduga ta 1979, bayan mun dawo daga tsince a gonakin bayan Ƙarfi, muka zauna a gindin ɗorawa, Bulus ya shimfiɗa kwalin sabulunsa. Bulus ɗan maƙwabtanmu ne, shan inna ta shanye masa ƙafar hagu, ba ya langa ba ya ƙwallo, sai ya ƙirƙiro nasa wasan. Ya zana daji da gawayi, ga rafi ga kogon kura, kowa ya gina mutuminsa da laka. A wasan ni maƙeri ne, abokinmu Sale ɗan mahauci boka ne, shi kuma Bulus maharbi, kuma shi ke ba da labari. In ya ce "kun iso bakin rafi, ga kada ya buɗe baki", sai ka faɗi dabararka ka jefa ɗan lido, lamba ta yanke maka hukunci.

To, maharbin nan ya fi ƙarfinmu. Ya hau bishiyar kuka, ya tsere wa zaki, mu kuwa kullum kada ke karin kumallo da mu. Ni da na yi aji huɗu har sau biyu, ilimi ya taru mini, na ce lallai dokokin wasan na buƙatar gyara. Muka yi ta gardama har awakin da aka ba mu kiwo suka shiga waken mutane. Wasu suka ce a rage haƙoran kada, wasu suka ce a ba boka fukafukai. Bulus ya amince da komai, sharaɗinsa ɗaya: "Doka ba ta zama doka sai an gwada ta."

Sale ya kama shi da bakinsa. Ya kawo doka cewa mutumin laka ba zai yi abin da ubangidansa ya kasa ba. In maharbi zai tsallake rafi, mai shi ya fara tsallake kwatar bayan rumbu. "Malam Gurgu, bismilla, gwaji ne kawai," in ji shi. Muka yi layi muka tsallake kamar 'yan awaki. Bulus ya dubi kwalinsa, ya ajiye sanda, ya ja da baya, ya taho da ƙafa ɗaya yana jan ɗayar. Tsakiyar kwata ya sauka, ruwan wanke-wanke har baki. Muka yi dariya har da birgima, muka tabbatar doka ta yi aiki, Sale ya take maharbin da diddige, tunda ai kada ya cinye shi.

Bulus ya rarrafo ya ɗauki sandarsa, bai yi kuka ba, kwalin ma ya bar mana. Washegari muka hallara da ingantattun dokokinmu, Sale ya ce "kun iso bakin rafi", ya maƙale a nan, don bai san abin da ke gaba ba. Mu ma haka.

Yanzu jikokina na wasa a waya, suna zagin Turawan da suka sauya musu doka, ba su taɓa ganin fuskar mai wasan ba balle su tura shi kwata. Mu mun ga namu. Har yau maƙerina na tsaye a bakin rafin nan.