Kujerun injin da na ɗaura da hannuna

Shekarun baya masu nisa, zamanin shugaban ƙasarmu na farko, ina da wata mota mai rufin tamfol a baya, irin wadda muke kira bashe. Da ita nake ɗauko albasa da busasshen kifi daga kasuwannin ƙauye ina kawowa Garwa. A lokacin gashin kaina baƙi ne wuluk, kuma gani nake babu abin da ban sani ba, don kawai na yi aji uku a lekol, wato makarantar boko, ina iya karanta rubutun da ke jikin gwangwanin mai.

Abokina bakanike ne. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, saboda haka a akushin mahaifiyata ya girma. Dada yake ce mata kamar yadda nake ce mata, kuma in za a faɗi gaskiya, ƙanzon tukunya shi take ajiye wa, ba ni ba. Bai taɓa zama a aji ba, amma in ya kara kunne a jikin mota sai ya gaya maka abin da ke damunta. Garejinsa wata rumfar kwano ce a bayan tasha, direbobin Marwa da na Ngawundere layi suke yi a wurinsa. Shi yana ce mini Musye Lekol, ni ina ce masa Baƙin Mai.

Ciwon motata ɗaya ne: kujerun inji. Ga wanda bai sani ba, wani dunƙulen roba ne tsakanin ƙarafa biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a kansu injin yake zaune. Lodin da nake yi da hanyoyin da nake bi ba sa barin robar nan ta daɗe. Kowace shekara sai ta yage, injin ya riƙa rawa, sandar giya tana bugun gwiwata. Abin ya ishe ni.

Wata rana na tafi kas, wato filin da ake jibge matattun motoci a hanyar kogi, mutane suna zuwa suna ciro abin da ke da sauran amfani. Can na tarar da gawar wata babbar motar auduga da ta kife. Na leƙa ƙarƙashinta, na ga kujerun injinta, kauri kamar ƙaramin turmi, ko tsaga babu. Na wuni a kwance cikin ciyawa ina kwance notuna masu tsatsa. Tsohon da ke gadin wurin ya dube ni ya ce, "Ɗana, waɗannan inji mai nauyin bijimi biyu suka saba ɗauka." Na ce ai shi ya sa nake son su.

Na kai wa abokina, na zube su a gabansa ina fahari.

Ya ce, "Musye Lekol, turmi ka sayo wa Dada?"

Na ce, "Kujerun da ba za su sake yagewa ba ke nan."

Ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya danna robar da babban yatsa. Ya ce, "Su kam ba za su yage ba. Wani abin ne zai yage. Duba, sun fi naka tsawo da yatsa biyu. Injin zai ɗaga sama, fanka ta matso kusa da tiyon lagireto. Ga su da tauri kamar dutse. Roba mai laushi ita ke shanye girgiza. In ba ta shanye ba, sauran motar ce za ta sha."

Na ce, "Tsoro ne da kai kawai. Kai abin da Bature bai ɗaura ba, ba ka ɗaurawa."

Ya yi dariya ya ce, "Ni dai ba da hannuna ba. Bar mini motar."

Ya tafi kas da kansa, ya samo kujeru biyu masu kyau a jikin wata bashe irin tawa, ya ɗaura mini. Kwana biyu motar ta yi a garejinsa, duk wanda ya wuce ta bayan tasha ya gan ta can.

Da na dawo da ita gida, zuciyata ba ta kwanta ba. Kujerun babbar motar nan suna zaure, duk wucewar da zan yi sai na dube su. Ranar Juma'a da safe na rufe ƙofa, na sa jak da guntun katako na tallafe injin, na cire aikin abokina. Ramukan ba su dace ba, na sa magagari na faɗaɗa su. Kafin a kira salla na gama. Da na tayar da ita, injin ya tsaya cak kamar an dasa shi, amma motar gaba ɗaya sai ɓari take yi, madubi ba ya nuna komai sai hazo, har haƙorana suna haɗuwa. Na ce wa kaina alamar ƙarfi ce. Na sa ƙaramin yatsana tsakanin fanka da tiyo, bai shiga ba. Na rufe murfin.

Bayan kwana uku wani direba ya sallama a gidanmu da saƙo daga Mindif. Ƙanin mahaifiyata, malamin allo ne a can, shi kaɗai ya rage mata cikin waɗanda suka sha nono ɗaya. An ce jiki ya yi tsanani, sunanta kawai yake kira. Da asuba muka kama hanya, tana gaba kusa da ni, da ƙullin zuma da ta ce yana so.

A kan babbar hanya ba mu sami matsala ba, sai dai ta ce, "Wannan motar taka zazzaɓi take yi?" Muka yi dariya. Da muka wuce Figil muka karkata hanyar Kayele, muka hau burji mai gargada. Ba mu yi nisa ba na ji kat-kat-kat, sai ƙara ɗaya mai ƙarfi, tururi ya rufe gilashi. Fanka ta yanke tiyo, reshenta ɗaya ya karye ya huda lagireto. Ba abin da za a ɗaure da roba ko a toshe da sabulu ba ne.

Na shimfiɗa mata tamfol a gindin wata tsamiya. Tun hantsi muke zaune, tana jan carbi, tana duban hanya. Can ta ce, "Ba satin nan aka gyara motar nan ba?"

Na ce, "E."

"Wa ya gyara ta?"

Na ce, "Dada, ai kin san inda take kwana."

Ta ci gaba da jan carbinta. Ni kuma na gaya wa kaina ban yi ƙarya ba.

Sai bayan azahar wata motar gero ta tsaya ta ɗauke mu. Mun hango dutsen Mindif a tsaye, mun shiga gari, sai muka ci karo da maza suna dawowa daga gabas da gari, wasu da fartanya a kafaɗa, ƙasa a ƙafafunsu. Ba wanda ya gaya mata. Ta dube su kawai, ta ajiye ƙullin zumar a cinyarta. An ce mana har wajen hantsi yana tambaya ko ta iso.

Da labari ya kai Garwa, abokina da kansa ya nemi motar ja, ya same ni a inda bashe ta mutu. Ya buɗe murfin, ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Na tsaya a bayansa ina jiran abin da zai ce. Ya sa sufana ya gwada noti ɗaya, ya ɗago ya ce, "Ka ɗaure su da kyau, ba laifi." Iyakar maganarsa ke nan. Muka ja motar zuwa gida, ya cire kujerun ya mayar da nasa, ya gyara lagireto.

Da ya zo yi wa mahaifiyata gaisuwa, ya durƙusa ya ce, "Dada, ya haƙuri?" Ta ce, "Da godiya," ta juya fuskarta bango. Ina zaune a wurin. Ya dube ni sau ɗaya, na sunkuyar da kai.

A tasha kuwa kowa tambaya yake yi. Direbobi sun kewaye ni a wurin mai shayi, wani ya ce, "Ba a garejin mutuminka muka gan ta ba?" A nan ne na yi ƙaryar da babu kwana a cikinta. Na ce, "Hannunsa ne ya taɓa ta ƙarshe." Kafin sati ya zagayo, maganar ta zama wai ya ɗaura wa amininsa kayan bola, ya hana tsohuwar da ta rene shi ganin ɗan'uwanta. In ya yi wa na gida haka, me zai yi wa bare? Layin da ke bayan tasha ya riƙa raguwa, har ya zama in na wuce sai in hango shi zaune shi kaɗai yana wanke sufanu da kananzir. Na canza hanya. Da jirgin ƙasa ya iso Ngawundere, manyan motoci suka yi yawa a can, ya kwashe kayansa da iyalinsa ya tafi. Ya zo yi wa mahaifiyata sallama, aka ce masa tana barci.

Shekara huɗu na riƙe abin nan. Wata rana ana saura kwana kaɗan azumi, muna zaune da ita a tsakar gida tana tsince wake, sai ta ce, "Kowace shekara kafin watan nan ya kama nakan yafe wa kowa. Amma yaron nan, na yi na yi, zuciyata ta ƙi. Ina tsoron in mutu da shi a ciki."

Ban san lokacin da na zame daga kujera na zauna a ƙasa ba. Na gaya mata komai, tun daga kas har wurin mai shayi. Ina tsammanin za ta yi kuka ko ta zage ni. Ta ajiye faifan, ta daɗe tana kallona kamar wani baƙo, sannan ta ce, "Motar tana tashi?" Na ce tana tashi. Ta ce, "To gobe."

Tafiyar wuni guda ce, ba ta yi mini magana ba ko a hawan dutsen nan da ke kafin Ngawundere, inda kowa ke salati. Muka yi ta tambaya har muka same shi kusa da tashar jirgi, a ƙarƙashin wata babbar motar shanu, ƙafafunsa kawai ake gani. Ta hana ni kiransa. Ita da kanta ta durƙusa a kan ƙasa mai baƙin mai, ta ce, "Ɗana, fito."

Ya fito da sauri har ya buga kai. "Dada! Me ya kawo ki nan? Tashi, zanenki!"

Ta ce, "Ba zan tashi ba sai ka yafe mini. Na ɗora maka kayan da ba naka ba."

Ya kama hannunta ya tayar da ita, yana ta cewa babu komai, babu komai, hawaye na bin baƙin man da ke fuskarsa. Ta ce, "Me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "Dada, a lokacin kin rasa ƙaninki. In zo in ce miki ɗanki ne sanadi? Ni ba a gidan nake kwana ba. Na ga gara ki ji haushina daga nesa, da ki ji haushin wannan da kike gani kullum da safe."

Sannan ya juyo gare ni. Na shirya maganganu da yawa a hanya, duk suka gudu. Na ce, "Ka yafe mini." Ya ce, "Musye Lekol, tayar da motar in ji." Na tayar. Ya kara kunne, ya girgiza kai ya ce, "Kujerar hagu ta fara sakewa. Wa yake duba maka ita yanzu? Kawo jak." Muka kwanta ƙarƙashinta mu biyu, ina miƙa masa sufana, mahaifiyata tana zaune a kan tsohuwar taya tana ba matarsa, wadda ta iso daga baya, labarin mutanen unguwa.

Daga ranar zumuncinmu ya dawo. Duk lokacin da na sauka Ngawundere a gidansa nake cin tuwo, kuma da mahaifiyata ta rasu yana cikin waɗanda suka sa ta a kabari. Na daɗe ina ganin magana ta ƙare.

Sai da na tsufa na gane ba ta ƙare ba. A tsakiyar tasha, a gaban direbobi, na ɓata sunansa, amma a wani gari, mu uku kawai, na nemi gafara. Na dawo Garwa na ci gaba da shan shayi da mutanen nan, ban taɓa miƙewa na ce musu ƙarya na yi ba. Kullum sai in ce gobe. Shi kuma bai taɓa neman in yi ba. Yanzu ya rasu, yawancinsu ma sun rasu, kuma na san akwai waɗanda suka tafi da labarin yadda na ba su shi, wataƙila har sun ba 'ya'yansu.

Saboda haka duk wanda ya taɓa ji daga bakin ubansa ko kakansa cewa wani bakanike a bayan tashar Garwa ya ɗaura wa amininsa kayan bola har tsohuwa ta rasa ganin ƙaninta, to ya gyara labarin. Bakaniken ya ce ba da hannunsa ba, kuma ba da hannunsa ba ne. Ni na ciro su, ni na faɗaɗa ramukan, ni na ɗaure notunan. Ku yi masa addu'a.