Kifin da Inno Ta Kai Gona

A Dayi, duk mai aikin ƙodago ya san tukunyar Inno. Shekara tara ke nan da mijinta, Malam Ummaru, ya samu shanyewar ɓarin jiki, gonarsu ta masara ta dawo hannunta. Ba ta iya gogayya da manyan manoman da ke loda hatsi a mota zuwa Funtuwa. Abin da take jan ma'aikata da shi shi ne abincin rana. Da kaka, sa'ad da kowa ke neman hannu, samari kan zaɓi gonar da za su ci su ƙoshi, ita kuwa ba ta taɓa aika tuwo gaya ba.

Kakar bara masara ta yi kyau. Awaisu, shugaban ma'aikatan unguwarsu, ya yi mata alkawarin mutum goma sha huɗu na kwana uku. Inno ta ce bana sai sun ci kifi. Ta hau mota zuwa Malumfashi, shagon Ifeyinwa mai kifin ƙanƙara, wadda kowa ke kira Maman Success. A garin aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta kowa. A ranar, kifin da ake kira tuna ne kawai ya rage mata, ƙaramin nan mai kaurin jiki da jan nama, wanda ake kawowa ɗungurungum da kansa da hanjinsa. Inno ta ce a ba ta kwali guda.

"Inno, ki ɗauki na yini ɗaya," in ji Maman Success. "Ba ki da firji."

"Ina da ƙaiƙayi. Masu ƙanƙara ba da shi suke rufe tasu ba?"

"Wannan kifi ne fa, ba ƙanƙarar zoɓo ba."

"Ke da na sani kina yawo da majina a hanci, yau ke za ki koya mini girki?"

Suka yi dariya, aka ɗaura mata kwalin.

Ranar farko ta ciri rabi yana nan da taurinsa, ta dafa, aka ci har ana suɗe kwano. Sauran ta naɗe da buhu ta binne cikin ƙaiƙayi a ɗakin ajiya. Washegari da safe ta tarar ya saki, jan ruwa ya jiƙa gindin kwalin. Ta shinshina, babu wari. Ta fede, ta wanke da lemun tsami, ta soya har ya yi ƙarau, sannan ta zuba shi cikin miya mai attaruhu. Tun tana yarinya abin da ta sani shi ne, duk abin da ya shiga tafasasshen mai ya tsarkaka.

Da azahar ta kai abincin gona, ta koma gindin ɗorawa ta zauna. Ita ba ta cin abinci sai ma'aikata sun gama, abin da ya rage shi ne nata. Ba a yi rabin awa ba wani ya fara sosa wuya. Wani ya ce fuskarsa na zafi kamar ya leƙa murhu. Sai ciwon kai, sai bugun zuciya, biyu suka ruga bayan kara suna amai. Awaisu, wanda ya fi kowa ci, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, aka ɗora shi a babur zuwa asibiti. Aka ba su magani, kafin magariba duk sun samu sauƙi. Ba wanda ya rasa ransa.

Amma magana ta riga ta zaga gari, kuma abu ɗaya ake maimaitawa: ita me ya hana ta ci? Washegari Inno ta tsaya a gona tun hantsi, ba wanda ya zo. Kashi biyu cikin uku na masarar na tsaye, wadda iska ta kayar kuma gara ta fara hawanta, ga shi saura kwanaki a saki dabbobi.

Ta ƙulle sauran soyayyen kifin a leda ta koma Malumfashi. Ba faɗa ya kai ta ba. So take ta san abin da ta ba 'ya'yan mutane.

Maman Success ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta jawo mata kujera ta ce, "Irin wannan kifin, da shi da taitus, in suka daɗe a narke cikin zafi, wani dafi ke taruwa a namansu. Sau da yawa ba ya wari. Suya ba ta kashe shi, banda ba ta kashe shi, ko an mayar firji yana nan. Wani lokaci yakan yi yaji-yaji a harshe."

"Na cika masa attaruhu," in ji Inno a hankali.

"To, wa zai gane? Ni ma da laifina, da na ƙi sayar miki. Na yini za ki riƙa ɗauka. Ki narkar da shi a ruwan sanyi, a inuwa, kina canza ruwan. Da ya ɗan saki ki cire hanji, ki ɗora a wuta. Wanda ya kwana a narke, rami za ki haƙa masa, ko kare kada ki ba."

Daga tasha Inno ba ta biya gida ba, ta wuce ƙofar gidan su Awaisu ta yi sallama. Ya fito yana kallon ƙasa.

"Awaisu, ba wanda ya zuba muku komai. Ni na ajiye kifi ya kwana, na ɗauka mai zai gyara shi. Laifina ne. Ka faɗa wa 'yan'uwanka haka, yadda na faɗa."

"Inno, ni ban zarge ki ba. Amma abokin aikinmu Talha ya ce ko ruwan randarki ba zai ƙara sha ba."

"Ya zo da nasa ruwan. Masarar ce ba ta jira."

Ya ɗan murmusa, ya ce zai gwada.

Mutum biyar suka zo. Ta dafa shinkafa da wake, ta zauna a gabansu ta fara kai loma kafin kowa ya sa hannu. Ba ta taɓa cin abinci a gaban maza ba. Aikin sauran kwana biyu ya ɗauke su kwana takwas. Gefen gabas, inda masara ta kwanta, gara da awaki suka raba, abin da aka tsinta a wurin bai cika buhu ba. Malam Ummaru ya tambaye ta daga kan gadonsa me ya sa rumbu bai cika ba bana, ta faɗa masa gaskiya.

Har yanzu takan sayi kifin, guda biyu ko uku, ta dafa wa mijinta a ranar, don yana son romonsa. Gona kuwa ba ta sake kai shi ba. Masarar bana ta fara bushewa. Ta aika wa Awaisu tun makon jiya, ya ce zai zo in Allah ya so, amma bai faɗi mutum nawa ba.