Inoussa Mai Sinima da Idanun Madugu

Inoussa ɗan dukawa ne. Ubansa jakunkuna da takalma yake ɗinkawa a bayan tsohuwar kasuwar Agadas, shi ma a nan ya tashi da basilla a hannu. Bai shiga lakwal ba, boko ko na kwana guda bai yi ba. Yana saurayi ya tafi Yamai, ya shekara bakwai yana yi wa masu yawo da sinima dakon kaya. A can ya tsinci Faransanci, ya koyi mashin ɗin nuna fim. Bayan an samu 'yancin kai aka dawo mana da shi, da mashin guda, da gurub mai ba da wuta, da farin ƙyalle. Gajere ne, bakinsa ja da goro, kuma ban taɓa jin ya kai gaisuwa ƙarshenta ba. Ina rubuta labarinsa saboda abin da ya yi wa babana a shekarar 1965. Waɗanda suka gani da idonsu sun ƙare, saura ni.

Aikinsa shi ne ya rataya ƙyallen a bango bayan magariba, ya tayar da gurub, ya tsaya gefen mashin yana mayar mana da maganar fim Hausa ta amsa-kuwwa. Idan fim ya tsinke, jama'a su yi ta ihu, shi kuwa ko a jikinsa. Ya kankare bakin nan, ya kankare wancan, ya shafa ruwan liƙi, ya danna da babban yatsa.

Babana, Madugu Hamidu, shekara ashirin da biyu yana kai ayarin gishiri Fachi. Hamadar Tenere da ake ƙetarewa ba ta da hanya, sai rairayi. Duk wanda ya ba madugu raƙumansa ko ɗansa, ya ba shi ne don ya yarda ba zai ɓace ba. Ban da wannan yarda madugu ba shi da komai.

Shekara guda kafin abin ya faru, wani bature ya zo da abin ɗaukar hoto, ya bi ayarin kwana biyu, ya koma da mota. Da damina fim ɗin ya iso. Lokacin ban daɗe da dawowa daga kolej a Damagaram ba, ina koyar da 'yan mata. Duk gari ya fito kallo. Da farko daɗi muka ji: ga raƙuma a jere, kowa na nuna nasa. Sai kiɗan ya canza, ya koma wata ganga mai nauyi, ɗaiɗai. Sai ga fuskar babana ta cika ƙyallen. Ya ja amawali har bisa hanci, idanu kawai ake gani, yana duban sama, yana duban gefe. Daga nan ƙasusuwan raƙumi. Daga nan rijiya, an zura guga, ya fito wayam. Muryar baturen ta yi magana, Inoussa ya mayar: "Madugu yana shakka. Kuskure guda, ayari ya halaka."

Mu mutanen Agadas muna da wani alfahari. Mun girma cikin mazan da ke rufe fuska, don haka muna ganin ba wanda ya kai mu karanta ido. Da wannan alfaharin aka kashe babana a tsaye. Kafin gari ya waye kowa ya ga tsoro a idonsa. Maƙwabciyarmu Tabawa ta ce da ni a bakin rijiya, "Ɗiyar Madugu, ashe bara saura ƙiris a ƙare? Ni dai ɗana ba zai bi wanda ke neman hanya a sama ba." Mutanen da suka yi tafiyar, yawancinsu na duwatsun Ayar ne, ba sa gari. 'Yan kaɗan da ke nan suka rantse ba a ɓata ba, aka ce rufa masa asiri suke. Alhaji Bahago, wanda ya fi kowa raƙuma a ayarin, ya aiko cewa bana zai nemi wani madugu. Saura wata biyu a tashi. Babana ya daina fita majalisa, shi ke nan.

Na tafi wurin Inoussa da hantsi, na same shi yana goge mashin. Ban yi masa sallama mai kyau ba.

"Malam Inoussa, da bakinka ka faɗa."

"Da bakina na faɗa, Madmazel. Abin da na ji na mayar. Zauna, kina tare mini haske."

"Ƙarya ce aka yi masa."

"Na sani. Tun jiya na bi fim ɗin na gano."

Ya zaro fim ɗin daga faifansa, ya sa ni in bi shi da yatsa. Na bi. Can sai na ji ɗan tudu, kamar inda aka haɗa fata biyu.

"Kin ji? Nan fuskarsa ta ƙare, nan mushen ya fara. Ba wuri guda aka ɗauke su ba, ɗinki ne. Wannan da ke hannuna kofi ne, ba na asali ba, yatsa ba ya jin ɗinkin bature a jikinsa, shi ya sa na yanka na sake liƙawa a daidai gurbinsa don in ƙirga. Goma sha huɗu ne tsakanin idon babanki da rijiyar nan da abin da ya biyo baya." Ya nuna mini wani siririn zane mai lanƙwasa a gefen fim ɗin. "Gangar kuma ga ta nan. A ƙasarsu aka ɗora ta. Wa ya taɓa kai ganga Tenere?"

Na ce to ya fito ya yi wa mutane bayani. Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.

"Ke kika yi lakwal, ke ce mai bayani. Wanda ya ce ya gani da idonsa, baki ba ya kwance shi. Je ki ce wa Alhaji Bahago ya ara mini zaurensa jibi bayan azahar. Ki kawo Madugu, ko da ja ne."

Ranar aka toshe ƙofar zauren da tabarmi. Dattawa sun kai goma sha biyar. Ni kaɗai ce mace, ina bakin ƙofar cikin gida. Babana ya zauna can ƙurya. Inoussa bai kunna sauti ba, sai ƙarar mashin.

Idanun babana suka fito. Sai akushin shinkafa da nama yana tururi. Inoussa ya tsayar.

"To, masana ido. Me ke damun Madugu a nan?"

Wani tsoho ya ce, "Wannan ai yunwa ce. Dubi yadda yake lumshewa."

Ya sake kunnawa. Idanun babana, sai jariri ana yi masa wanka.

"Allah sarki," in ji Alhaji Bahago. "Jikansa ya tuna."

Na uku, idanun babana, sai wata mace tana juya ƙugu a filin rawa. Zauren ya ɓarke.

"Kai, Madugu! Da girmanka?"

"Ashe abin da ke kai ka Fachi ke nan!"

Babana ya miƙe zai fita, aka riƙe masa riga. Inoussa ya sa aka ɗaga tabarma guda. Ya zaro guntaye uku, kowanne kamu guda, ya jera su baki da baki a kan cinyarsa.

"Kallo guda ne, wanda kuka gani ran nan. Kamu uku ne tsawonsa, na raba shi uku. Shinkafar daga fim ɗin noma na yanko ta, jaririn daga na asibiti. Kun ga yunwa, kun ga tausayi, kun ga abin da ba zan faɗa gaban ɗiyarsa ba. Ran nan an sa muku mushe, kuka ga tsoro."

Alhaji Bahago ba wawa ba ne. Ya shafa gemu ya ce, "Mun ji, ɗan dukawa. Ka nuna mana ido ba ya faɗin komai. Amma ba ka nuna mana bai ɓata ba. Raƙumi tamanin zan ba shi, ba akuya ba."

Na ɗauka an gama da mu. Inoussa ya kwance gilashin bakin mashin, ya miƙa masa tare da guntun da ke da rijiyar.

"Je bakin ƙofa, Alhaji. Ɗaga shi ga rana, ka sa ido a gilashin. Kada ka dubi gugan, dubi bakin rijiyar."

Alhaji ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce, "Kututturen dabino biyu, guda ya tsage. Wannan ta hanyar Ingal ce. Na shayar da raƙuma a nan ina yaro, ta ƙafe tun kafin in yi aure."

"Ingal gabas take ko yamma?"

"Kar ka raina mini hankali. Yamma take, Fachi kuwa gabas."

"To karɓi wannan. Kada ka dubi idon. Dubi bayan kafaɗarsa, can sama."

Abin da ke wurin ɗan tsini ne, bai kai ƙwayar gero ba. Kan hasumiyar babban masallacinmu ce, da itatuwanta. A bakin gari aka ɗauki hoton, ayari bai ko tashi ba. Sai a lokacin babana ya buɗe baki.

"Baturen ne ya ce in dubi sama, in dubi can. Sau huɗu yana sa ni. Na ɗauka gwajin ido yake mini."

"Me ya hana ka faɗa, Madugu?"

"Wa ya tambaye ni?"

Ba zan ce kowa ya dawo ba. Tabawa har ta mutu tana cewa ita ta ga abin da ta gani. Alhaji Bahago ya ba da tamanin ɗinsa, wasu suka bi shi, wasu suka ce sai sun ga bana. Ayarin da ya saba kai raƙumi ɗari uku ya tashi da ɗari da ashirin. Ya dawo da ɗari da ashirin, da gishiri, da dabino. Shekara ta gaba ba a sake maganar ba.

Inoussa ya mayar da kowane guntu gurbinsa, amma duk yanka yana cin hoto ɗaya ko biyu, kuma a Yamai an lura. Aka aiko masa da takardar gargaɗi kan ɓarnar kayan gwamnati. Ni ya kawo wa in karanta masa. Da na gama ya ce, "Rubutunsu da kyau," ya naɗe ta ya sa a hula. Daga ranar ya canza fassara. Duk inda muryar fim ta faɗi abin da ke zuciyar wani, sai ya ce, "Mai maganar ya ce wai yana baƙin ciki. Ni dai na ga mutum zaune." Yara suka mayar da abin wasa a gari, bai damu ba.

Ya yi aikin har mashin ɗin ya mutu ba a aiko da wani ba, ya koma ɗinkin fata. Babana bai taɓa ce masa na gode ba, ba halinsa ba ne. Amma duk shekara, ranar da ayari ya shigo gari, raƙumin farko a ƙofar Inoussa ake durƙusar da shi, a sauke kantu biyu na gishiri mafi fari. Shekara tara aka yi haka, har idon babana ya fara hazo. Da kansa ya kira dattawa ya ce su nemi wani, ba wanda ya karɓe masa ayari. Wannan mutuncin, Inoussa ne ya ba shi. Allah ya ji ƙansu su biyu.