Gyaran Goggo Dije da Kwastan Ɗin Ostareliya

Birnin Kudu, biyar da rabi na asuba

Ana sallame sallah Yaya Sadiya ta yaye mini bargo. Ni Ummi, a tarihin gidanmu ban taɓa tashi ba gardama ba sai ranar Sallah, amma ran nan na miƙe zumbur, don akwai abin da nake so in gano.

Yaya tana sayar da ƙore masu zane a intanet. Goggonmu Dije ta Dingaya ke zana su da wuƙa mai zafi, ni kuma nake ɗaukar hoto. Wata Baturiya a Ostareliya ta sayi goma, Goggo ta ɗaure kwalin da hannunta, muka aika. Bayan wata guda sai ga saƙo: kwastan ɗinsu sun buɗe, sun ce sun ga iri da kayan dabba a ciki, sun ƙone duka. Mu dai ƙwarya muka sani. Baturiyar ta ce a sake gwadawa sau ɗaya. In aka kuma, ta haƙura da mu, kuma za ta rubuta a shafin Yaya inda duk mai saye zai gani. Shafin nan kuwa shekara biyu Yaya ta yi tana renonsa kamar jinjiri.

Shida da kwata motar Gwaram ta tashi. Mu huɗu a baya, har da wata Hajiya da ta ci rabin kujerar ita kaɗai. Ni numfashi ma sai na jira ta fitar da nata. A shinge ɗan sanda ya tambayi abin da ke cikin kwalinmu, na ce masa iska ce, sai mun dawo za a cika. Yaya ta mintsine ni.

Gwaram, takwas saura

Koko da ƙosai a bakin tasha. Ƙosan da zafi, yajin ya sa na hango kakannina. Ɗan acaɓan da ya ɗauke mu ya ji labarin, ya ce shi a ganinsa zanen ne suka ɗauka asiri. Yaya ta ce mini idan mun je kada in tambayi Goggo komai, mu zuba ido kawai mu ga yadda take ɗauri. Hanya duk riɗi ne aka yanka aka jingine a gonaki, ramuka kuma ba wanda babur ɗin bai gaisa da shi ba.

Dingaya, tara saura kwata

Mun tarar Goggo ta gama tatsa. Sai da muka shanye fura da nono, ta tambayi lafiyar kowa har da akuyar maƙwabtanmu, sannan ta fito da sababbin ƙoren. Muka miƙa mata kwali muka koma gefe muka yi tsit.

Da farko ta shimfiɗa ƙaiƙayin gero a ƙasa don kada su fashe. Ta jera ƙoren. Sai ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin irin duma ta jefa ciki. Ta koma ta fito da gwangwanin man shanu. Da ta ɗauko daddawa, Yaya ta dafe kai.

"Goggo, mene ne wannan?"

"Gyara mana. Mace ta aiko daga bangon duniya ta sayi ƙwarya goma, in sallame ta haka? Ko mai gyaɗa a tasha yana gyara."

Ta ce irin duman don baiwar Allah ta shuka a bayan ɗakinta ta huta da aike, man shanun kuma ta ga hotonta a waya, duk ta bushe. Wancan karon har da ɗan kilishi ta sa. Ni dariya ta kayar da ni a kan tabarma, Yaya kuwa kamar ta yi kuka.

Yaya ta yi wa Goggo bayani a hankali, cewa mutanen can suna tsoron ƙwaro ko cuta ta biyo iri ko nama ta shiga gonakinsu da dabbobinsu. Goggo ta tambaya ko suna da shanu, aka ce mata sosai. Ta ce to ba su yi laifi ba, ita ma ba ta barin baƙuwar saniya ta shiga garkenta sai ta ga lafiyarta. Amma ta ce kaya ba zai fita gidanta ba gyara ba, ko da jirgin zai fasa tashi. A ce a Turai Dije marowaciya ce?

Sai da aka yi kusan awa ana ja. Na tambaya ko ludayi ma haramun ne a Ostareliya, tunda shi ma ƙwarya ce mai wuya. Yaya ta duba takardar sharuɗɗan da ke wayarta, ta ce in dai busasshe ne, an kankare shi tas, an kuma rubuta shi a takarda, zai wuce. Goggo ta hura wuta, ta zana ɗan ludayi nan take. Ni aka ba kankarar cikin ƙoren, har hannuna ya manta ni ce mai shi. Ƙaiƙayi ya fita, tsofaffin jaridu suka shiga.

Komawa, biyu na rana

Na rungume kwalin a cinya tun daga Dingaya har Birnin Kudu. Huɗu saura muka isa shagon Malam Habu, mai kai kaya kamfanin aike a Kano. Ya zazzage komai, ya shinshina kowace ƙwarya kamar mai sayen turare, ya girgiza jaridun. Iri ɗaya tak ya faɗo, da ya maƙale a wuyan ludayi. Ya ɗaga shi sama ya dube ni.

"'Yata, wannan kaɗai ya isa a sake hura muku wuta."

Ya rubuta ƙore goma da ludayi ɗaya, ya manne kwalin. Biyar da rabi muna gida. Man shanun Baturiya a miyar kukarmu ya ƙare. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da Malam Habu da idonsa.

Bayan sati uku saƙo ya zo: kaya sun isa, Baturiyar ta yaba a shafin Yaya. Sai dai ta ce an yi kuskure an sako mata cokali, nawa za ta biya? Yaya ta kira Goggo ta faɗa mata.

"Ki ce mata ta riƙe kuɗinta," in ji Goggo. "Allah sarki. Ashe ba a taɓa yi mata gyara ba."