Mai Furfura a Jikin Dutsen York

Daga bakin tantina a Dutsen York nake kallon wata mata mai furfura, manne a jikin dutse kamar tsayin bene. Takalmanta sababbi fil. Ga alama a ɗakin motsa jiki ta koyi hawa, inda kowace ƙusa ke da zoben maƙala igiya. Tsofaffin ƙusoshinmu na jikin dutsen nan kuwa kai kawai gare su, sai mai hawa ya saka ɗan farantin ƙarfe kafin ya maƙala. Wannan ce ƙusarta ta farko. In ta zame yanzu, ƙasa ce za ta tare ta.

Farantin aro na tsakanin haƙoranta.

"Noelene, sauko mana!" in ji wani dattijo da ke riƙe da igiyarta daga ƙasa. "Wannan ne wurin 'yan koyon?"

Ta lalubi ƙusar, farantin ya ƙi shiga. Ta juya shi, ya zauna. Ƙaras, igiya ta maƙale.

Sannan ta dubo ƙasa.

"Graham, tun ranar aurenmu kake cewa in sauko. Sako mini igiya."