Rabin Bangon Stergiani

Stergiani ba ta fita daga gida sai ta shafa bango da tafin hannu, ta dubi farin da ya maƙale mata. Idan bai yi mata ba, to lokacin shafe ya yi. Haka matan ƙauyensu na kan duwatsun Girka suka tashi suka tarar: a haƙo farar ƙasar da suke kira luto, a daka, a tankaɗe, a dama, a shafe gida kafin bikin Ista. Ƙurar kan rufe musu har gira.

Shekarar da numfashi ya fara gagarar ta, mijinta Nasios ya kai ta asibitin birni. Likita ya ce ruwa ne ya taru tsakanin huhu da haƙarƙari. Ya zuƙo shi da allura, ga shi kamar man zaitun.

Ya ce, "Inna, ruwan nan zai yi magana. Akwai alamun da ake aunawa a ciki. Idan ɗaya ta hau, tarin fuka ne, kuma yana da magani. Idan kuwa ɗayar ce..." Sai ya gyara tabarau. "Da me kuke shafe gida?"

Ta gaya masa. Ƙanwarta da luto take shafe. Ita ma an taɓa zuƙo mata irin ruwan nan, aka ce ciwon daji ne, ba ta kuwa ga Istar gaba ba.

A hanya ta ce, "Tsoho, shiga coci ka kunna kyandir, ka roƙa mini tarin fuka."

"Ke dai ba ki iya roƙon abin kirki ba. Shi ya sa kika samo ni."

"Ai kai ba a auna ka ba kafin a ba ni."

Ya kunna guda biyu.

Zaman jira ya ishe ta, ta dama ragowar luto, ta kama bangon gaba, tana yi tana hutawa. Ta kai rabi ranar da Nasios ya dawo daga wurin likita. Ya cire hula, ya yi ta ba da labarin lattin da mota ta yi. Ta gane ba tarin fuka ba ne, ta bar shi ya gama.

Sannan ta tuntsurar da bokitin a gindin wani itace, ta ce, "Kada ka bari jikarmu ta ƙarasa shi."

Bai bari ba. Har yau rabin bangon fari ne, rabin kuma yadda damina ta bar shi.